Gyaran fitilun kamiyo a Euro Truck Simulator 2: kowa ya kawo abin da ya gani

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu tuƙin manyan motoci a wasan kwamfuta na Euro Truck Simulator 2. Tambaya gare ni ga masu aikin dare. Da Scania nake ɗaukar kaya, kuma fitilun da ta zo da su ba su gamsar da ni. A manyan hanyoyin Jamus babu laifi, amma da na sauka ƙananan hanyoyi sai kwana ta iso ni kafin in gan ta. Na ga mod (fayil ɗin da ake ƙara wa wasan don canza wani abu a cikinsa) na fitila iri-iri a Steam Workshop, dandalin intanet da ake ɗauko su, kowa na yabon nasa. Wanda ya taɓa sakawa ya faɗa mana abin da idonsa ya gani, kada in ƙona data a banza.

Sani Zariya:
Wa'alaikumussalam. Kafin ka taɓa mod, ka shiga garejin cikin wasan. Ana ɗaura ƙarfe bisa rufin mota ko a gabanta, a jera masa ƙananan fitilu. Haka na yi wa Volvo ɗina. Sai dai ba za su kama ba sai ka danna maɓallin F4 ka buɗe su, sannan ka kunna babbar wuta da K. Daji yana wayewa sosai. Amma in ka bar su a kunne, motocin da ke zuwa ta gabanka za su yi ta ƙifta maka fitila. Kuma kada ka manta da L na kunna fitila in magariba ta yi, wasan yana cin tarar mai tafiya ba wuta.

Ɗalibin Dan Dicko:
Yaya Ɗan Mokoyo, abin da za ka fara dubawa shi ne shekarar mod ɗin. Kamfanin SCS Software na birnin Prag ya fitar da wasan nan a 2012, amma a sabuntawa ta 1.40, cikin watan Maris na 2021, sun rushe tsarin hasken gaba ɗaya sun sake gini. Mod ɗin fitila da aka yi kafin nan yawanci ba ya zama daidai. Wani abokina ya zubo mini guda a kile, wato filashin USB, da na kunna sai kwaltar gaban mota ta koma fari fat, allunan hanya suna ƙyalli har rubutun ba ya karantuwa, can nesa kuma duhu ƙirin. Wanda na samu daga baya, mai dacewa da sigar wasana, bai kai shi haske ba amma ya fi shi nisa, kuma da shi nake aiki.

Idan ba ta Workshop ka ɗauko ba, fayil ɗin mai ƙarewa da .scs ana ajiye shi a Documents, cikin Euro Truck Simulator 2, cikin jakar mod. Sai ka kunna shi a Mod Manager na cikin wasan ka ɗaga shi sama da sauran, don na sama shi ke rinjaye in biyu sun taɓa abu ɗaya. In wasan ya rufe kansa, buɗe fayil ɗin rahoton wasan, game.log.txt, ka duba layukan ƙarshe.

Hadiza Ali Dan Sofo:
Ni da kwamfutar hannu ta yayana nake bugawa, kuma ba ta da ƙarfi. Da aka cika motar da fitilu, ina shiga gari da dare sai hoto ya dinga tsinkewa, fankar ciki na ihu, balle a zafin watan Afrilu. Na rage su zuwa jere ɗaya, na ɗan ƙara hasken allo a saitin wasan, na ja labulen ɗaki. Wallahi rabin duhun da nake kuka da shi daga hasken taga yake.

Baba Tsohon Direba:
Jikana ne ke rubuta mini. Ɗiyana, na ji daɗin wanga zance. Na ci ƙuruciyata bisa hanyar Kwatano, ta Gaya da Dosso da Dogondutsi da Ƙonni har gida Maraɗi, yanzu da ƙafa ta gaza nakan zauna kusa da yaron nan in karɓi sitiyari. Ran da ya saka farar wutar nan mai shuɗi-shuɗi na ce ya cire mini ita. Duk wanda ya yi tuƙi cikin hazon hunturu ya san farar wuta mai ƙarfi ƙura take haskawa, ta dawo maka cikin ido kamar ka haska tocila a bangon da aka shafe da farar ƙasa. A irin daren nan ƙaramar wuta muke bi, mu rage gudu. Abin da direba ke nema shi ne gefen hanya: amalanken da ya taso daga kasuwa ba ko ƙyalle a bayansa, jaki kwance bakin kwalta wajen Gidan Rumji, yaro da garken awaki. Wutar da ta tafi gaba kamar mashi ta bar gefe a duhu ba ta da amfani gare mu.

Mu mun tashi da motocin Faransa masu rawayar fitila, don can ƙasar doka ce har zuwa 1993, kuma idona da ita ya saba. A cikin wasan, da ruwan sama ya sauko, na fi ganin layin hanya da rawaya. Kuma ina roƙonku, ko a wasa ne, ku saba da sauke wuta in mota ta tunkaro. Cikinku akwai waɗanda gobe za su riƙe kamiyo na gaske bisa hanyar Damagaram, kuma hannu abin da ya saba shi yake yi.

Ɗalibin Dan Dicko:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Rawayar da kuke so ana iya samunta ba tare da neman wani mod ba. Yawancin fayilolin mod ɗin nan manhajar 7-Zip tana buɗe su. Cikin jakar head_light ta motar akwai layin low_beam_color na launi, da low_beam_range na nisa, da low_beam_angle na faɗi. Lamba ta uku a layin launi ita ce shuɗi, in an rage ta wutar sai ta yi rawaya. Ni na faɗaɗa tawa kaɗan saboda kwana. A ajiye kwafin asali gefe kafin a taɓa komai, kuma a riƙa canza lamba ɗaya a gwada.

Sani Zariya:
Abu ɗaya ga masu fita ayari da mu a Convoy, wato tuƙi tare ta intanet, daren Asabar: yawanci wasan ba ya barin mutum ya shiga sai mod ɗinsa sun yi daidai da na wanda ya buɗe zaman. In kowa ya gyara fayil ɗinsa yadda ya ga dama, za mu sha wahala wajen haɗuwa. Ɗalibi, ka shirya mana guda mai rawaya da faɗi irin wanda Baba ya kwatanta, mu gwada shi tare. Masu ƙarancin data su zo shagona bayan la'asar da kile.