Tambaya a kan raka mawaƙiya da piyano a waƙoƙin Faransa

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Shekara 4 ke nan ina koyon piyano, kuma wata ɗaliba ta roƙe ni in raka ta a waƙoƙi biyu na Gabriel Fauré, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, da za ta rera a gaban malamanta. Na haddace kiɗan sarai, amma duk lokacin da muka zauna gwaji sai ta ce ina danne mata murya, ko kuma ina gaba tana baya. Ina kuskurena yake?

Malama daga Surulere:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ina kyautata zaton ka haddace kiɗan ne ba tare da ka san baitocin ba. Irin wannan waƙa, wadda Faransawa ke kira mélodie, a kan rubutattun baitocin marubuta irin su Paul Verlaine ake ɗora ta, kuma a Faransanci nauyin furuci yakan sauka ne a ƙarshen gungun kalmomi, saboda haka wanda bai san inda jimla ta ƙare ba, ba zai san inda mawaƙiya za ta ja numfashi ba. Ka nemi wanda zai karanta maka baitocin a fili, ko da a Alliance Française, cibiyar koyar da Faransanci da ke Ikoyi, ne, ka rubuta ma'anar kowace kalma da fensir a ƙasanta, sannan ka sa alama a duk wurin numfashi. Ka tuna da yadda mai kalangu ke kasa kunne ga bakin mawaƙi.

Mai koyarwa a Yaba:
Na yarda da Malama, sai dai ina tsoron kada ka ɗauka cewa aikinka bin baya ne kawai. A waƙar Clair de lune, wadda Fauré ya tsara a 1887, piyano ne ke buɗe fage da nasa kiɗan rawa, murya kuma ta shigo ta same shi a kan hanya. Idan ka riƙa jan ƙafa kana jiran ta, waƙar za ta rushe. Ku tsayar da sauri ɗaya tun farko.

Game da danne murya kuwa, sau da yawa fedar dama, wato matakin ƙafa na piyano da ke tsawaita sauti, ce ke jawo shi, tare da nauyin hannun hagu. Francis Poulenc, wani mai tsara kiɗa ɗan Faransa, yana son feda sosai a nasa kiɗan, amma na Fauré ya fi buƙatar sauti garau. Ka saurari yadda Poulenc da kansa ya raka mawaƙi Pierre Bernac, wanda suka fara zagayen wasa tare a 1935, da kuma yadda Ba'amurke Dalton Baldwin ya raka mawaƙi Gérard Souzay fiye da shekara 30.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar za mu yi gwaji a Onikan, kuma zan roƙi wani ya zauna can ƙarshen ɗaki ya gaya mana ko kalmominta suna isa gare shi.