Muhawara: Shin bin diddigin kuɗin gwamnati ya fi ƙuri'a amfani ga talaka?

Malamin sakandare, Gusau:
Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, bin diddigin kuɗin gwamnati da matasa ke yi ya fi ƙuri'ar da muke kaɗawa duk shekara huɗu amfani ga talaka, kuma hujjata ita ce garin Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta Jihar Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar kuma ta kashe yara aƙalla 400. Likitocin MSF, ƙungiyar agaji ta likitocin ƙasa da ƙasa, sun ce ba za su fara yi wa yaran Bagega magani ba sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar garin, domin yaron da aka wanke wa jini zai koma wasa a tsakar gidan da ya sa masa cutar. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin aikin, amma aka yi watanni shiru, har sai da Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, suka tayar da gangami a intanet, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. Wace ƙuri'a ce ta taɓa yi wa Bagega wannan?

Lauya, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, ban raina aikin matasan nan ba, amma ka ba su ladan da ba nasu kaɗai ba ne. MSF da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch sun daɗe suna kuka a kan lamarin, kuma Sanata Bukola Saraki, wanda ke shugabantar kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin, ya je garin da kansa. Ke nan matsin lambar ya yi tasiri ne saboda ya isa kunnen zaɓaɓɓu, waɗanda ƙuri'a ce ta kai su kujerunsu. Sannan a 2015 gubar ta sake kashe yara a Shikira ta Jihar Neja, abin da ke nuna cewa gangami yana iya fitar da kuɗi sau ɗaya, amma bai gyara yadda ake haƙar ma'adinai ba.

Ma'aikaciyar jinya, Kano:
Barista, maganarka gaskiya ce, sai dai ka duba abin da ke hannun mai zaɓe bayan ya dangwala. Kundin tsarin mulki ya ba mu damar yi wa ɗan majalisa kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, kuma har yau ba a taɓa sauke ko mutum ɗaya ta wannan hanya ba. Wanda aka gwada a kan Sanata Dino Melaye na Jihar Kogi a 2018 ya wargaje tun a matakin tantance sa hannu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin masu rajista sama da miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ni a unguwarmu na ga abin da takarda ke yi. An kafa allon aikin rijiyar burtsatse, aka tona rami, aka tafi. Matan unguwa muka samo shafin kasafin da aikin yake ciki, muka kai wa mai unguwa, muka kira gidan rediyo, ɗan kwangilar kuwa ya dawo da bututu da tanki, yana cewa dama kuɗi ne ba a cika masa ba.

Dattijo, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma:
'Yata, Allah ya yi muku albarka, amma ku kuna da waya, kuna da boko, kuna da rediyo a ƙofar gida. Mutumin ƙauye da ya ɗauki hoton ajin da rufinsa ya yaye, gobe zai haɗu da ɗan kwangilar a masallaci, kuma wataƙila surukin dagaci ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofis kwana bakwai ya amsa takardar ɗan ƙasa, amma na yi aiki a ofis, na san inda irin waɗannan takardu ke kwana. Wa zai biya lauya ya kai ƙara a kan famfo ɗaya?

Malamin sakandare, Gusau:
Baba, wannan ita ce hujjar da ta fi yi mini nauyi, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta. Abin da na sani shi ne ma'aikatan shirin Tracka, na ƙungiyar BudgIT mai bibiyar kasafin kuɗi, suna shiga ƙauyuka su karanta wa jama'a ayyukan mazaɓun da aka sa musu a kasafi, ta yadda tambayar za ta fito daga bakin gari baki ɗaya, ba daga mutum guda da za a iya ware shi ba.

Lauya, Kaduna:
To a nan ne za a gwada maganarka, Malam. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Wanda ya yarda da bin diddigi a cikinmu, ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarsa yana neman lissafin wata guda, ya kawo mana nan amsar da aka ba shi, ko ranar da ya miƙa takardar idan an yi masa shiru.