Gidan kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa, me ya kamata mu duba?

Uwargida:
Salam 'yan uwa. Babanmu ciwon mantuwa ya yi masa nisa, yana fita da dare bai san hanyar dawowa ba, likita ya ce mu nemi gidan kula da tsofaffi. Don Allah me ake dubawa kafin a kai mutum? Wallahi hankalina ba kwance yake ba.

Nas mai aikin dare:
Allah ya ba Baba lafiya. Kar fenti da kyan gini su ruɗe ki, ki je ba tare da sanarwa ba, musamman dab da magariba don lokacin ne masu wannan ciwo suka fi rikicewa, a nan za ki ga haƙurin ma'aikata. Ki tambaya mutum nawa ke diyutin dare, kuma suna juya wanda ba ya iya tashi kamar duk awa 2 ko sai gyambon kwanciya ya fito. In kin ga tsofaffi duk suna gyangyaɗi da rana tsaka ki nemi jin wane magani ake ba su, wasu magungunan kwantar da hankali na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga masu mantuwa. Ɗaure tsoho a gado kuwa sam kar ki yarda.

Ɗan uwa:
Gaskiya ne anti nas. Ki duba banɗaki ma, akwai ƙarfen riƙewa? Ƙasa ba santsi? Faɗuwa ɗaya na iya karya ƙugu. Ƙofar fita kuma ta kasance da ƙararrawar da ke kaɗawa in an buɗe.

Hajiya Babba:
'Yata ki nemi lasisinsu da rahoton binciken hukuma, kuma ki zauna lokacin cin abinci ki gani, masu wahalar haɗiya in aka yi musu gaggawa abinci na shiga huhu ya zama nimoniya.