Concession ɗin filin jirgi: jingina ce, haya ce, ko cefanarwa?

Jama'a, ina neman taimako. A Mayun 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a damƙa wa kamfanin Corporacion America filin jirgin Abuja na shekara 20, na Malam Aminu Kano kuma na shekara 30. Turawa na kiran wannan concession. Jaridunmu wasu suka ce an jinginar, wasu suka ce an cefanar. Wacce ce daidai?

— Malam, cefanarwa dai a cire ta. Abin da ka cefanar ya bar hannunka har abada. Nan kuwa filin na gwamnati ne, wa'adi na cika a mayar mata da kayanta. Da wannan kalma ake tayar wa ma'aikata hankali, alhali abin da ƙungiyoyi irin su NUATE, ta ma'aikatan sufurin jiragen sama, ke tambaya shi ne makomar aikinsu da kuɗin sallama da fansho.

— Ni jingina ta fi kwanta min, kunne ya saba da ita.

— Hajiya, a yi haƙuri, jingina akwai bashi a ciki. Ka karɓi kuɗin mutum, ka ba shi gonarka yana nomawa, ranar da ka biya ka karɓi abinka. A yarjejeniyar filin jirgi ba fansa ake yi ba, lokaci ne ke ƙarewa. Mu lauyoyi muna buƙatar jingina a wani wurin daban: inda kamfani ya ajiye kadara a banki don ya ci bashi. In muka haɗa su, ranar da kamfanin ya karye ba za a gane wa ke bin wa ba.

— To Barista, haya fa?

— Ta fi kusa, sai dai ɗan haya ba ya gini. Dubi MMA2, tasha ta biyu ta filin jirgin Murtala Muhammed a Legas: kamfanin Bi-Courtney ya sa hannu a 2003, ya gina da kuɗinsa, aka buɗe a 2007, sannan aka shiga shari'a. Kamfanin ya ce shekara 36 aka ba shi, hukumar filayen jiragen sama ta tarayya, FAAN, ta ce 12.

— Mu a Yamai haka kamfanin Summa na Turkiyya ya yi da filin Diori Hamani. Ya gyara shi kafin taron Tarayyar Afirka na 2019, zai riƙe shekara 30 yana karɓar kuɗin shiga.

— To ga shawarata: a ce hayar gudanarwa. Inda kamfani ya yi gini kuma, a ce gina-ka-mora-ka-mayar. Ta yi tsawo, na sani, amma mai sauraron rediyo zai gane ba sai an yi masa fashin baƙi ba.

Na ɗauki hayar gudanarwa. Ta biyun zan gwada ta a labaran yamma, in ji ko mai karantawa zai iya faɗinta da numfashi ɗaya.