Wannan robar ta gaban tsofaffin motoci, me za mu kira ta da Hausa?

Jama'a ku zo mu raba wata gardama, tun jiya muke yi a gareji ba mu gama ba.

Peugeot 504 ɗin Baba ce, irin haɗin Kaduna, ta kama wata ɗabi'a, da ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu sai ka ji GWARAM a gaba kamar an buga guduma a bakin garwa. Na ɗauka shokozoba ne ya mutu. Da bakanike ya kwance ƙafar gaban ya zame rigar da ke kare shokozoba daga ƙura, sai ga wata baƙar roba tana zubowa gutsi-gutsi kamar ƙuliƙulin da aka taka. Ya ce Alhaji ƙarami ga ɓarawonka nan. Na ce ya sunanta? Ya ce roba. Wace robar? Ya ce robar dai.

To ita ce Turawa ke kira bump stop, su kuma masu Faransanci su ce butée. Aikinta ɗaya, idan sifirin ya matsu ya kai ƙarshe ita ce take tarar bugun don kar ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. In mota na tafiya lafiya lau a titi mai kyau tana nan zaune ba abin da take yi. A 504 tana jikin sandar shokozoba ta sama. A Volkswagen Beetle kuwa, irin na kafin 1966, a fili take, wani ɗan curi ne a kan ƙahon ƙarfe tsakanin hannuwan ƙafar gaba guda biyu, ko ba ka kwance komai ba za ka hango ta in ka leƙa. Kuma tsufa kaɗai ya isa ya kashe ta, zafi ya busar da ita ta tsattsage, in mai ya zubo mata daga shokozoba kuma ta yi laushi ta ruɓe.

Matsalar "roba" kawai ita ce na aiki yaro kasuwa da sunan nan ya dawo mini da bushin. Bushin ma ai roba ce, ba laifinsa ba ne.

Wani dattijo direba a wurin ya ce a kira ta gammo. Wallahi ya burge ni, don gammo shi ke shiga tsakanin kai da tulu. Amma na ce Baba da gyara, gammo tun daga rijiya har gida yana ɗauke da kaya, ita kuwa wannan sai an ƙure take aiki. Gammo ya fi dacewa da robar da sifirin ke zaune a kanta, ko wadda inji ke kai, mu ajiye musu shi.

Waigi fa? A'a, waigi na taya ne, kowane yaron mota ya san shi, kar mu haɗa rikici. Matashi kuma ya yi taushi da yawa, kamar za a kwanta. Yaron bakaniken ya ce a sa mata raba-faɗa tunda ita ke shiga tsakanin ƙarfe biyu, aka yi ta dariya, ni dai har yanzu sunan yana mini daɗi a baki sai dai ba na jin mai shago zai gane.

Ni abin da na tsaya a kai: robar ƙurewa. Dalilina, da ma makanikai suna cewa sifirin ya ƙure, shokozoba ya ƙure, ba sabon abu na ƙago ba, na ɗauko daga bakinsu ne. Ka ce robar ƙurewa ta gaba, ɓangaren direba, magana ta fita.

Bakaniken bai yarda ba tukuna, ya ce shi robar tokare ta fi shiga kunnensa, don tokarewa take yi. Na ce tokare ai na ƙofa ne ko katangar da za ta faɗi, kullum yana jingine da abin.

Saura guda. Wasu tsofaffin motocin irin su Morris Minor biyu gare su, ɗaya na tarar ƙafa in ta yi sama, ɗaya in ta sako ƙasa lokacin da taya ta rataya. Ƙurewar sama da ƙurewar ƙasa kenan, ko akwai mai abin da ya fi wannan? 'Yan Maraɗi da Damagaram, ku a garejinku me kuke ce mata?