PSW ko aikin kula da tsofaffi: wace hanya za ta haɗa ni da yarana?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo Ingila a watan Satumbar 2024 domin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, na miƙa kundin bincikena, kuma bizata ta karatu za ta ƙare a ƙarshen Janairun 2026. Gidan kula da tsofaffin da nake yi wa aikin awa 20 a mako tun watanni takwas da suka wuce sun ce za su ba ni takardar ɗaukar nauyi, wato COS, ba tare da na biya ko sisi ba. Ga kuma bizar bayan karatu, PSW, wadda kuɗinta zai cinye kusan duk abin da na tara. Maigidana da yarana biyu suna Zariya, domin tun Janairun 2024 aka hana masu irin kwas ɗina zuwa da iyali. Abin da nake son sani shi ne wacce a cikin biyun za ta fi saurin haɗa ni da yarana.

Abu Hafsat: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ɗauki PSW kawai. Ni na yi tawa a 2022, na biya fam 715 na biza da fam 624 na kuɗin kula da lafiya a kowace shekara, duka nawa ni kaɗai na shekaru biyun bai kai fam 2,000 ba, kuma na saka uwargida da yara a ciki aka ba mu gaba ɗaya cikin makonni uku.

Ɗan Gwammaja: Malam Abu Hafsat, wannan tsohon farashi ne. Ni fam 822 na biya a 2024.

Anti Binta: Shi ma ya wuce. A Afrilun 2025 kuɗin ya koma fam 880, na lafiya kuma fam 1,035 ne a shekara, ana biyan na shekaru biyun a dunƙule, jimilla fam 2,950. Sannan naka iyalin, Malam Abu Hafsat, dama suna nan a ƙarƙashin bizarka ta karatu, shi ya sa aka yarda.

Bakatsine: Ƙanwata, da na ga kalmar COS sai da gabana ya faɗi. A 2023 wani dillali da muke sallar Juma'a a masallaci ɗaya ya ce zai samo mini aiki a wani kamfanin kula da marasa lafiya a gidajensu, na biya shi fam 8,000 a kashi uku, kuma kashi na ƙarshe sai da yayana ya sayar da filin da mahaifinmu ya bar mana a bayan gari. Biza ta fito, na ɗauka na haye. Ranar da na je ofishin, ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon aski, teburi ɗaya da kujeru biyu, da wata yarinya da ta rubuta lambata a bayan ambulan ta ce za a kira ni. Wata biyar ina jira, aikin da suka ba ni bai cika awa talatin ba gaba ɗaya. Daga baya aka soke lasisin kamfanin, wasiƙa ta zo cewa saura mini kwana 60 in sami wani mai ɗaukar nauyi ko in fita daga ƙasar. Dillalin ya canza lamba. Allah Ya taimake ni na sami wani wuri saura kwana tara, amma har yau ban iya kallon idon yayana a waya ba.

Anti Binta: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya mayar maka da mafi alheri. Ka kai ƙara kuwa? Doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗin wannan takarda.

Bakatsine: Anti, kuɗin a hannu na ba shi, babu rasit, shaidata Allah kaɗai. Na san mutum huɗu da ya yi wa haka, ɗaya ma fam 12,000 ya karɓa a wurinta.

Maman Sadiq: Yayana, na tausaya maka ƙwarai. Amma ni ba su nemi kuɗi ba, kuma na san tsofaffin gidan da sunayensu.

Malam Na'ibi: Ina roƙon mu yi hattara. A ƙasar nan ba kowa doka ta yarda ya ba da shawara kan shige da fice ba, sai lauya ko wanda ke da rajista. Kowace jami'a tana da ofishin ɗaliban ƙetare, kyauta suke duba takardun mutum. Hajiya, can ya kamata ki fara zuwa.

Bakatsine: Malam, ofishin jami'a doka za su karanta mata, ba za su gaya mata yadda ake kwana da yunwa da biza a hannu ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ɗan Gwammaja: To, lauyoyi sun cika zaure, saura mu naɗa alƙali. Ni na ba da sunan Anti Binta, tun da ita ce take riƙe da lissafi har na kwabo.

Anti Binta: Bari dai in amsa abin da ta tambaya, domin har yanzu ba wanda ya taɓa shi. Maman Sadiq, a iya sanina babu ko ɗaya daga cikin biyun da zai kawo miki yara kai tsaye. Tun 11 ga Maris 2024 sabbin ma'aikatan kula da tsofaffi ba sa zuwa da iyali, PSW kuma ba ta karɓar iyalin da ba su cikin bizar karatu tun farko. Ƙofar da ta rage ita ce aikin ƙwararru na matakin digiri, wanda tun 22 ga Yulin 2025 mafi ƙarancin albashinsa ya zama fam 41,700 a shekara, ko fam 33,400 ga sabon shiga irinki, sai ayyukan lafiya da ke da nasu tsarin albashin. Amfanin PSW shi ne shekaru biyun da za ki yi aikin da kika ga dama kina neman irin wannan gurbi, amma sau ɗaya ake ba mutum ita, ba a sabunta ta, kuma ba ta shiga lissafin shekaru biyar na zaman dindindin. Daga Janairun 2027 ma wata 18 za ta koma. Kada kuma ki yi tafiya gida bayan kin miƙa takardu kafin amsa ta fito, domin za a ɗauka kin janye.

Ummu Khalil: Duk wannan sai jami'a ta sanar da ma'aikatar cikin gida cewa mutum ya kammala. Ni tawa ta riƙe sakamakona saboda ragowar kuɗin makaranta fam 3,200, bizata kuma saura mako bakwai. Lokacin da muka yi lissafin zuwa, fam bai kai naira 600 a farashin gwamnati ba, kafin in biya kashi na biyu ya haura 1,500. Kuɗin da mahaifina ya ware domin shekara guda ko rabinta bai biya ba.

Abu Hafsat: Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni bankina a Najeriya ya riƙe Form A ɗina, wato takardar neman kuɗin ƙetare domin biyan kuɗin makaranta, wata huɗu, kuɗin yana hannunsu, makaranta kuma ta rufe mini shafin karatu ana tsakiyar jarrabawa.

Maman Sadiq: Anti, na gode. Idan na karɓi na gidan tsofaffin yanzu, zan iya sauyawa zuwa aikin ƙwararru daga baya in kawo su?

Ummu Khalil: Malam Abu Hafsat, don Allah da suka rufe maka shafin, sun yarda ka biya kashi-kashi, ko sai da ka kawo duka? Gobe da ƙarfe goma zan gana da ofishin kuɗi, kuma fam 1,100 kawai ke hannuna.