Neman shawara: tiyata ko sashen gaggawa, daga ina mataimakin likita zai fara?

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekara ta biyu a karatun mataimakin likita a nan Amurka, wanda ake kira PA, saura wata bakwai in kammala in zauna jarrabawar PANCE, wato jarrabawar ƙasa ta samun shaidar zama PA. A zagayen koyon aiki sassa biyu ne suka kwanta mini a rai, tiyata da sashen gaggawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a wani asibiti na ga PA yana ciro jijiya daga ƙafar majinyaci yana kuma ɗinke wajen, a wani asibitin kuma PA ɗin sashen tiyata ko wuƙa ba ya taɓawa, daga rubutu sai sallamar majinyata. To takamaimai mene ne aikinmu a kowane sashe? Idan na fara da ɗaya zan iya komawa ɗayan? Kuma shekarar ƙarin horo bayan kammalawa ta kai a haƙura da cikakken albashi saboda ita? Don Allah manya a taimaka wa ƙanwarku.

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da kika gani a asibitocin nan biyu duk daidai ne, kuma ga dalili. Lasisin PA ba na sashe ɗaya ba ne. Tun lokacin da Dakta Eugene Stead ya buɗe karatun a Jami'ar Duke a 1965 da tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa su huɗu, a kan horo na gama-gari aka gina shi, shi ya sa ake zagaya da ku lafiyar iyali, ciwon manya, yara, mata, tiyata, gaggawa da lafiyar ƙwaƙwalwa, sama da awa 2,000. PANCE ma haka take, tambaya 300 kashi biyar, ta taɓo ko'ina.

Abin da hannunki zai taɓa a zahiri kuwa abu uku ne ke yanke shi: dokar jihar da kike aiki, yarjejeniyarki da likitan da kike aiki tare da shi, da takardar izinin da asibiti ke ba ki. Ta ukun nan ce ɗalibai ba sa sani. Asibiti yana da jerin ayyuka, kowane da layinsa: sa kateta, wato siririn bututu, a babbar jijiyar jini, cire bututun ƙirji, ɗebo ruwan lakar baya, tsayawa mataimaki na farko a tiyata. Ba za a sa miki hannu a kan layi ba sai kin nuna sau nawa kika yi aikin a gaban wanda ya iya. Aikin da ba ya cikin takardarki, ko kin iya shi kamar me, ba ki da hurumin yin sa a asibitin. Saboda haka daga yau ki samu littafi ki riƙa rubuta duk aikin hannu da kika yi, da kwanan wata, da wanda ya tsaya a kanki, ba tare da sunan majinyaci ba.

Sauya sashe kuwa ana yi, ba sai kin koma makaranta ba, wannan ce babbar falalar PA. Sai dai a sabon wurin sabuwa ce ke, za ki sake neman izini layi-layi.

Amsa ta biyu

Bari in yi bayanin tiyata, tunda nan ne aka fi ruɗewa. Aikin kashi uku ne: kafin tiyata, cikinta, da bayanta. Yawancin awannin PA a na farko da na ukun suke tafiya.

A ɗakin tiyata, mataimaki na farko shi ke buɗe wa likita fili ya ga abin da yake yi. Kina riƙe da ƙarfen da ke ware nama, kina zuƙe jini, kina ƙona ko ɗaure ƙananan jijiyoyin da ke tsiyaya, kina yanke zare, a ƙarshe ki rufe raunin hawa-hawa. Ƙwararren mataimaki ba a cewa da shi "matso nan", ya riga ya san matakin da ke biye. Wannan ba ya samuwa sai da karanta aikin gobe tun daren yau.

A tiyatar zuciya ne PA ke da aikin da kusan nasa ne shi kaɗai. Yayin da likita ke buɗe ƙirji don yi wa jijiyar zuciya da ta toshe sabuwar hanya, PA yana can ƙasa yana ciro doguwar jijiyar nan da ta bi ta cikin ƙafa daga idon sawu zuwa matsematsi. Yanzu da kyamara ake yawan yi: a tsaga kamar santimita 2 kusa da gwiwa, a hura iskar kabon don fili ya buɗe, a bi jijiyar ana raba ta da nama ana datse rassanta. Kuskuren sabon hannu guda uku ne. Ko ya ƙona reshe dab da uwar jijiyar zafi ya lalata bangonta, ko ya ja da ƙarfi reshe ya tsinke daga tushe ya bar ɓula, ko ya cika matsa sirinji lokacin gwada ta da ruwa ya ɓata shimfiɗar cikinta. Duk ukun ba a ganin illarsu a ranar, sai bayan watanni hanyar ta toshe. Kuma dole a sa alama a bakin da ke wajen ƙafa, domin jijiyar tana da ƙofofin da ke barin jini ya bi gefe ɗaya kawai, juya ta ake yi kafin a dasa.

Bayan tiyata idonki na kan bututun ƙirji. Idan jini na fita sama da mililita 200 a awa, awa bayan awa, ki kira likita. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne bututun da ke zuba ya tsaya cak, awon jini na sauka, bugun zuciya na hawa. Kada ki ce jini ya tsaya, alhamdulillahi. Mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe bututun, jinin yana taruwa yana matse zuciya. Wannan kiran gaggawa ne, ba saƙon waya ba.

Amsa ta uku

Ina so in ƙara a kan abin da Malam mai amsa ta biyu ya faɗa, don ta gane dalilin da ya sa wani PA ɗin tiyata ba ya shiga ɗakin tiyata. Lissafin kuɗi ne da yawan hannu. A asibitin koyarwa akwai likitoci masu neman ƙwarewa, su ake ba wa wuƙa saboda horonsu ke nan, PA kuma ya riƙe ɗakunan kwanciya. A asibitin da babu su, PA ne mataimaki na farko kusan kullum. Sannan a tsarin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, babbar tiyata kuɗinta ya haɗa da duba majinyaci na kwana 90 bayanta. Duk zuwan da zai yi cire zare ko duba rauni ba a biyan sabon kuɗi, don haka likita ya fi son PA ya gan shi, shi kuma ya koma yin wata tiyatar. Idan PA ya taimaka a tiyata ana biyan kashi 13.6 cikin 100 na kuɗin likitan, a sauran ayyuka kuma kashi 85.

Saboda haka a wajen ganawar neman aiki kada ki tsaya a "ana shiga tiyata?" Ki tambaya kwana nawa a mako, akwai masu neman ƙwarewa ko babu, dare nawa a wata za ki kwana da waya a kunne, kuma wa ke amsa kiran majinyatan da aka sallama.

A ɓangaren ƙashi, ban da tiyata akwai gyaran karaya, ɗaurin filasta da allurar gaɓa. Abu ɗaya nake roƙon ki riƙe. Majinyaci mai karayar ƙwauri ko damtse da ke kukan ciwon da ya zarce misali, maganin ciwo ba ya kama shi, kuma idan kika miƙar da yatsunsa ya yi ihu, to kumburi ne ke shaƙe naman a ciki. Ki tsaga filastar da audugar da ke ƙarƙashinta har fata, ki ajiye gaɓar daidai da zuciya, ki kira likita nan take. Kada jin bugun jijiya a ƙafa ya yaudare ki, shi ne ke ɓacewa a ƙarshe, bayan nama ya riga ya fara mutuwa. Awa shida ake kallo a matsayin iyaka kafin a tsaga a sassauta.

Amsa ta huɗu

Ni kuma sashen gaggawa zan ba ki shawara ki fara da shi, kuma ba zan ɓoye dalilina ba. A tiyata likita ya riga ya gano ciwon kafin majinyaci ya iso hannunki. A gaggawa ke ce za ki gano. Wanda ya yi shekara biyu a nan, duk sashen da ya koma ya tafi da idon gane mai tsananin ciwo. Wanda ya fara da tiyatar gwiwa zalla ya yi shekara biyar, dawowa duba ciwon ciki da zazzaɓin yara tana yi masa wuya, ga jarrabawar sabunta shaida duk shekara 10 ita ma ta gama-gari ce.

Sabon PA galibi ɓangaren masu sauƙin ciwo ake fara kai shi: yanka, targaɗe, maruru, tari. Haɗarin wurin shi ne sunansa, domin mai babban ciwo yakan ɓuya a cikinsu. Dattijo mai shan taba da ya zo da sabon ciwon baya, ki tuna da babbar jijiyar ciki da ke kumbura ta fashe. Duk macen da ke shekarun haihuwa ta zo da ciwon mara, gwajin ciki kafin komai, saboda cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Ciwon ƙirji, a ɗauki awon zuciya cikin minti 10 da isowa. Yaro mai ciwon maraina farat ɗaya, murɗewa ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Wanda ya faɗi a kan tafin hannu yana jin zafi a ramin da ke gindin babban yatsa, ko hoto bai nuna karaya ba a ɗaure shi, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14.

Ɗinki kuwa kullum ne, to ki haddace lissafin lidoken, allurar da ke kashe zafin wajen da za a ɗinke. Ba tare da adirenalin ba miligiram 4.5 ne ga kowane kilo, kada ya wuce 300 gaba ɗaya. Da adirenalin miligiram 7. Ruwan kashi 1 cikin 100 yana da miligiram 10 a kowace mililita, wato yaro mai kilo 12 iyakarsa mililita 5.4, idan kuma kwalbar kashi 2 ce, rabin haka. A nan ake yin kuskure, a ɗauko kwalba ba a duba ƙarfinta ba. Alamar ya yi yawa ita ce leɓe ya mutu, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, daga nan sai jijjiga. Ki gwada motsi da jin yatsu kafin ki kashe wajen, ba bayan ba. Siririn zare mai lamba 5-0 ko 6-0 a fuska a cire bayan kwana 5, a kan gaɓa kuma a bar shi kwana 10 zuwa 14.

Amsa ta biyu ta dawo

Hajiya mai amsa ta huɗu, na yarda da rabin maganarki. Gaskiya ne gaggawa tana wasa ido. Amma akwai sassan gaggawa da ake barin sabon PA shi kaɗai da dare, likita yana wani gari sai ta waya. Wanda bai yi wata shida da kammalawa ba, wannan ba makaranta ba ce, ganganci ne da ran mutane. Gara mata sashen tiyata da likitan da zai tsaya ya koya mata, da gaggawar da babu mai duba bayanta. Ƙanwata, ki tambaye su kai tsaye: wata nawa zan yi ina bin wani kafin a ba ni majinyata nawa, kuma da ƙarfe uku na dare wa zan nuna wa awon zuciyar da ban gane ba, yana cikin ginin ko a gida? Wurin da ya kasa ba ki amsa da adadi, ki wuce.

Amsa ta biyar

Kada a manta akwai wasu sassan. A ɗakunan kwanciya na ciwon manya PA ke karɓar majinyaci, ya bi sakamakon gwaji, ya daidaita magani, ya shirya sallama, kuma kuskuren da ya fi yawa a nan na jerin magani ne: a dakatar da maganin tsinka jini saboda wani aiki, a sallami mutum ba a rubuta ranar da zai ci gaba da sha ba. A sashen fata akwai yankar ɗan nama don gwaji, kuma tabon da ake zargin mugun kansar fata ne ba a shafto samansa kawai, domin zurfinsa ne ke nuna matakin ciwon. Allurar barci ta tiyata kuwa ba layin PA ba ce a Amurka, tana da nata ma'aikatan da nasu karatun daban.

Wani abu kuma, idan kina tunanin barin ƙasar wata rana. A Amurka PA yana rubuta magani a duk jihohi 50. A Birtaniya, inda hukumar likitoci ta GMC ta fara sa ido a kansu a Disamban 2024, ba su da ikon rubuta magani ko aika majinyaci hoton da ake yi da haske mai ratsa jiki. Suna kusan ɗaya, hurumi daban.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura batun shekarar ƙarin horo.

Amsa ta farko ta dawo

Ba dole ba ce, yawancin PA ba su yi ta ba. Galibi wata 12 ce, wasu 18, da albashin da bai kai na cikakken ma'aikaci ba. Tana da amfani idan tiyatar zuciya, kulawa mai zurfi ko gaggawa kike so, kuma ba ki samu wurin da ke da tsarin horar da sababbi ba. Kafin ki karɓa ki nemi jadawalin watanni a rubuce, ki ga ko akwai darasi na mako-mako, ki tambayi adadin kateta, bututun ƙirji da sa bututun numfashi da ɗalibin bara ya yi da hannunsa, sannan ki nemi magana da ɗaya daga cikin waɗanda suka gama. Idan jadawalin duk aikin dare ne a sashe ɗaya, ma'aikaci mai araha suke nema. Amma yanzu ki ba PANCE ƙarfinki, ki cike takardar lasisin jiha da zarar sakamako ya fito, domin tantancewar asibiti kaɗai takan ci wata biyu zuwa huɗu kafin a bar ki ki taɓa majinyaci.